Yadda Ake Sauraron Kiɗan Ƙarshen Lokaci na Olivier Messiaen, Mataki-Mataki

A ranar 15 ga Janairu, 1941, cikin tsananin sanyin hunturu, wasu sojojin Faransa huɗu da Jamusawa suka kama a Yaƙin Duniya na Biyu suka zauna a gaban 'yan'uwansu fursunoni da masu gadinsu a sansanin Stalag VIII-A da ke Görlitz, a Jamus ta wancan lokaci, suka yi wani kiɗa da ɗaya daga cikinsu ya tsara. Sunan mai tsarawar Olivier Messiaen, ana furta shi kamar "Mesiyan", kuma shekararsa 32 a lokacin. Sunan kiɗan da Faransanci Quatuor pour la fin du Temps, wato kiɗan mutum huɗu na ƙarshen lokaci. Babi takwas ne da shi, yana cin kusan minti 50, babu waƙar baki a cikinsa ko kalma ɗaya.

Wanda ya tashi da kiɗan kalangu da ganga da kotso, abin da kunnensa ke fara nema a kowane kiɗa shi ne bugun da zai aza ƙafa a kai. Messiaen kuwa da gangan ya janye wannan bugun. Shi ya sa da yawa daga masu jinsa a karon farko sukan kashe kiɗan tun bai kai minti biyar ba, suna cewa bai da kai bai da gindi. Shawarata ita ce kada ka ɗauke shi daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya. A rarraba shi zama-zama, a shiga ta ƙofar da ta fi sauƙi, sai kunne ya saba sannan a haɗa.

Kafin ka kunna komai

Abu na farko shi ne wurin zama da abin ji. Ni da kaina na yi kuskuren fara sauraronsa da lasifikar waya, janareton maƙwabci yana ruri a bayan taga. Da aka zo babi na uku sai na ji tsit, na ɗauka data ce ta ƙare, na ƙure ƙarar wayar. Ashe mai busa ne ya kama sauti guda daga can ƙasan ji yana ƙara masa ƙarfi a hankali, kafin in ankara sautin ya cika ɗakin har na zabura. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi girmansa a wannan kiɗa babba ce ƙwarai, saboda haka ka nemi iyafis mai kyau, ka zaɓi lokacin da gari ya yi shiru, bayan sallar isha ko kafin hantsi, ka saita ƙarar a tsaka-tsaki, kada ka sake taɓa ta.

Abu na biyu, ka san muryoyin kayan kiɗan guda huɗu. Biyolin ɗan'uwan goge ne, tsirkiya huɗu gare shi, ana goga shi da baka, muryarsa siririya ce mai hawa sama. Celo irinsa ne amma babba, ana kafa shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi, muryarsa kamar ta namiji mai kauri. Kilarinet abin busa ne na baƙin katako mai belu guda, bai da tsinin muryar algaita, ya fi kusa da taushin sarewa, sai dai yana iya yin ƙasa sosai ya kuma yi ƙara idan an matsa masa. Na huɗu fiyano. Wannan haɗi ba shi ne aka saba da shi a kiɗan Turai ba, halin da aka shiga ne ya kawo shi: mabushin kilarinet Henri Akoka, haifaffen Aljeriya, da mai celo Étienne Pasquier, da mai biyolin Jean Le Boulaire, su ne makaɗan da Messiaen ya samu a tsare tare da shi, shi kuma ya zauna a kan fiyano. Wani Bajamushe mai gadi, Carl-Albert Brüll, shi ya riƙa sama masa takarda da fensir.

Abu na uku, ka riƙe ma'anar sunan. Messiaen Kirista ne ɗan Katolika mai riƙo da addini, ya yi sama da shekara 60 yana kaɗa ogan, babban kayan kiɗan coci mai bututun iska, a cocin Sainte-Trinité a Paris, daga 1931 har rasuwarsa a 1992. Ya ɗauko tushen kiɗan daga sura ta 10 ta Wahayin Yahaya a Littafi Mai Tsarki, inda aka siffanta wani mala'ika mai bakan gizo a kansa, ƙafa ɗaya a kan teku ɗaya a kan tudu, yana shelar cewa lokaci ya ƙare. Kalmar da ya kamata a lura da ita ita ce "lokaci". Ba rushewar duniya yake son zanawa da sauti ba, abin da ya dame shi shi ne yanayin da babu jiya babu gobe, babu ƙidayar ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ba sai mutum ya yi tarayya da shi a aƙida kafin ya ji aikin ba, amma wanda bai san wannan niyya ba zai ɗauka makaɗan sun ɓata kari ne.

Zama na farko: babi na biyar, sannan na takwas

Ka tsallake huɗun farko ka fara da na biyar, wanda Messiaen ya sa wa suna yabo ga dawwamar Yesu. Celo da fiyano ne kawai. Celo ke fara shiga shi kaɗai da wata doguwar murya, can sai fiyano ya biyo baya yana danna dunƙulen sautuka, wato sautuka da yawa a bugu guda, yana maimaita su daidai wa daida. A takardar kiɗan an rubuta a yi wannan bugu kusan 44 a minti ɗaya, wanda bai kai bugun zuciyar mutumin da ke zaune yana hutawa ba. Ga aikin da za ka yi: a sauraron farko ka bi fiyano kawai, ka riƙa taɓa gwiwarka da yatsa a kowane bugu. Za ka ga yatsanka yana ɗokin riga fiyano sauka. Wannan ɗokin shi ne abin da ake son ka gano a jikinka. A sauraro na biyu ka ajiye yatsa, ka bi celo, ka daidaita numfashinka da jan bakansa, ka shaƙa idan ya hau, ka saki idan ya sauko. Wajen tsakiyar babin ƙarfin yana taruwa har ya kai ƙololuwa, sannan ya faɗi zuwa raɗa, ya ƙare da sauti guda can sama wanda ke ɓacewa kamar hayaƙi.

Daga nan ka wuce babi na takwas, wanda shi ne tagwayen na biyar, sai dai biyolin ne a madadin celo. A nan fiyano yana buga gajere da dogo, gajere da dogo, kamar zuciya, biyolin kuma yana hawa sannu a hankali har ya kai inda da ƙyar kunne ke riƙe shi. Duka babin biyu tsofaffin ayyukansa ne ya sake wa riga a sansanin: na biyar daga wani kiɗa na 1937 da ya tsara wa na'urorin lantarki shida da ake kira ondes Martenot, na takwas kuma daga wani kiɗan ogan na 1930. A ganina wannan bai rage musu komai ba. Ka tsaya a nan a rana ta farko.

Zama na biyu: mai busa shi kaɗai

Babi na uku, ramin tsuntsaye, kilarinet ne tilo na kusan minti bakwai zuwa takwas, kuma shi ne Messiaen ya fara rubuta wa Akoka tun kafin a kai su Görlitz. Abubuwa uku za ka nema. Na farko wata murya mai nauyi da baƙin ciki da ke tafiya kamar mai jan ƙafa, wadda a wurin Messiaen ita ce ramin, wato lokaci da gajiyarsa. Na biyu sautin nan guda da ya ba ni tsoro, wanda ke fitowa daga shiru ya kumbura har ya cika kunne, kuma yana dawowa fiye da sau ɗaya. Ka lura da daidai inda ka fara jinsa, domin gwanin mabushi yakan sa ka kasa cewa ga inda shiru ya ƙare ga inda sauti ya fara, kuma duk a numfashi ɗaya yake yi. Na uku kukan tsuntsaye, mai sauri da tsalle-tsalle, wanda ke ɓarkewa a tsakiya. Messiaen ya shafe rayuwarsa yana bin tsuntsaye da takarda yana rubuta kukansu, kuma wannan aiki yana cikin na farko-farko da abin ya fito fili. Tsuntsu bai san ƙidayar makaɗi ba, shi ya sa ya zama masa kishiyar lokaci.

Bayan wannan nauyi ka saka babi na huɗu ka huta. Bai kai minti biyu ba, babu fiyano, yana da karin da za ka iya kaɗa kai da shi, kuma shi ne mafi sauƙin kamawa a duka takwas ɗin.

Zama na uku: inda ilimin aruli zai taimake ka

Babi na shida shi ne rawar fushi ta ƙahoni bakwai, kuma a nan ne mai sauraro Bahaushe yake da abin da zai riƙe wanda wasu ba su da shi. Duk kayan kiɗan huɗu murya ɗaya suke bi daga farko har ƙarshe, babu mai rakiya babu mai amshi, don haka babu abin da zai ɗauke hankalinka daga kari. Idan ka yi ƙoƙarin tafa hannu a kai za ka ga kana faɗuwa a kowane layi. Dalili shi ne wata dabara ta Messiaen ta ƙara ɗan guntun tsawo: a jera bugu daidaitattu, sai a cusa rabin bugu a tsakaninsu, ko a ɗan tsawaita ɗaya, tafiyar ta zama kamar ta mai ɗingishi da gangan.

Hanyar da za ka bi ita ce ka daina ƙidaya irin ta ganga, ka koma auna ta irin ta rubutacciyar waƙa. Duk wanda ya karanci aruli ya san cewa baiti ba a auna shi da tafi, ana auna shi da jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Haka Messiaen yake tunani, domin ya yi nazarin ma'aunan waƙoƙin Girkawa na dā, ya kuma yi nazarin jerin kari 120 na Indiya da masanin kiɗa Sharngadeva ya tattara a ƙarni na 13. Saboda haka ka saurari layin farko na babin sau uku ko huɗu, kana faɗin "dogo" da "gajere" da bakinka a kan kowane sauti, har sai ka haddace shi kamar yadda ake haddace baiti. Da zarar ya zauna a bakinka za ka gane shi duk inda ya dawo.

Akwai dabara ta biyu da ke tsakiyar babin, inda ƙara ke sauka kiɗan ya koma kamar daga nesa. A nan kowane gida na kiɗan an gina shi ne ta yadda idan ka karanta tsawon sautukansa daga dama ko daga hagu abu ɗaya za ka samu. Ɗalibin aruli ya san wannan ba tare da ya ba shi suna ba: ƙafar fa'ilun, doguwa, gajeriya, doguwa, ko ta ina ka faro ta ita ce, alhali fa'ulun, gajeriya da dogaye biyu, tana juyewa ta zama wani abu dabam. Karin da gabansa da bayansa ɗaya ne bai nuna inda aka dosa, kuma abin da Messiaen ke nema ke nan. Gaskiya ita ce kunne bai cika kama wannan kai tsaye ba, ni ma sai da na ga takardar na tabbatar, amma za ka ji alamarsa: kiɗan yana motsi da sauri, kai kuma kana ji kamar a wuri ɗaya ake zagaye. Can ƙarshe layin farko zai dawo da cikakken ƙarfi, an miƙe sautukansa sun yi tsawo, ana jefa su sama da ƙasa. Shi da kansa ya kira wannan babi kiɗan dutse.

Zama na huɗu: yanzu ka koma babi na ɗaya

Minti uku ne kacal, amma ka ba shi sauraro huɗu, kowane sauraro ka bi kaya ɗaya. Messiaen ya ce hoton farkawar tsuntsaye ne tsakanin ƙarfe uku da huɗu na asuba. Kilarinet da biyolin su ne tsuntsayen, kowanne yana kukansa bai kula da ɗan'uwansa ba, kuma su ne masu sauƙin bi. Celo yana can sama da wata siririyar murya kamar fito, yana maimaita sautuka biyar a kan jerin tsawo 15, wato tsarin dogaye da gajerun bugu 15 da ke maimaituwa. Fiyano ne ke ɗauke da babban sirrin: yana da jerin dunƙulen sautuka 29 da yake zagayawa a kai, yana kuma da jerin tsawo 17 da ya haɗa daga karin Indiya guda uku. Ka ɗauka kana da carbi biyu a hannu, ɗaya mai ƙwaya 29, ɗaya mai ƙwaya 17, kana jan ƙwaya ɗaya daga kowanne a lokaci guda. Ƙwayoyin farko ba za su sake haɗuwa ba sai bayan ja 493, domin babu lambar da ke raba 17 da 29 sai ɗaya. Babin yana tsayawa tun ba a yi ko rabin wannan tafiya ba. Abin da ka ji yanki ne da aka gutsuro daga wani abu da ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, shi ya sa yake ƙarewa kamar an rufe taga, ba kamar an kai gida ba. Kada ka wahalar da kanka da ƙidayar 17 ɗin, ya isa ka lura cewa fiyano yana maimaita kansa amma bai taɓa faɗa a wuri ɗaya sau biyu ba.

Babi na biyu da na bakwai na mala'ikan ne, ka ji su a jere. Na biyu yana buɗewa da rugugi ya rufe da rugugi, a tsakiya kuma biyolin da celo suna rera murya ɗaya a hankali, fiyano yana zubo sautuka daga sama kamar ɗigon ruwa. Messiaen yana cikin mutanen da ke ganin launi idan sun ji sauti, kuma ya ce waɗannan dunƙulen shuɗi ne da ruwan lemo. Idan ba ka ga komai ba kada ka damu, yawancinmu ba ma gani. Na bakwai yana ɗauko kayan na biyu ya cakuɗa su, yana kaiwa da komowa tsakanin wata murya mai taushi da celo ke farawa da kuma rugugin mala'ikan. Aikinka a nan ganewa ne kawai: duk inda ka ji abin da ka taɓa ji a na biyu, ka yi alama a takarda.

Game da labarin daren farko

Za ka ci karo da ruwayoyi masu ƙayatarwa a intanet, cewa mutum 5,000 ne suka saurara, cewa celon tsirkiya uku gare shi. Messiaen da kansa ya riƙa ba da labarin haka, amma Pasquier, wanda shi ya riƙe celon, ya ce huɗu ne cif, kuma ɗakin da aka yi wasan ɗaruruwan mutane yake ɗauka, ana ƙiyasta kusan 400. Ina ba da shawarar ka bar karanta labarin sai bayan zama na huɗu, domin wanda ya fara da shi yakan saurari tausayin fursunoni ya manta da kiɗan. An saki Messiaen a cikin 1941 ya koma Paris ya fara koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta birnin, kamfanin Durand kuma ya buga takardar kiɗan a 1942. Filin sansanin yanzu yana cikin garin Zgorzelec na ƙasar Poland, kuma akan sake yin kiɗan a wurin ranar 15 ga Janairu.

Zama na ƙarshe: daga ɗaya zuwa takwas

Ka zaɓi ɗauka guda ka tsaya a kanta. Akwai ta 1956 wadda Messiaen ke kan fiyano Étienne Pasquier ke kan celo, sautinta na dā ne amma ta fito daga hannun masu abin. Akwai ta ƙungiyar Tashi ta Amurka daga tsakiyar shekarun 1970, da Richard Stoltzman a kilarinet da Peter Serkin a fiyano, wadda ta fi dacewa da sabon kunne. Idan ka sami bidiyon da ake ganin makaɗan, ya fi, domin za ka ga wani abin da kunne bai faɗa maka: huɗun ba sa haɗuwa sai a babi na ɗaya da na biyu da na shida da na bakwai, a sauran kuwa wasu na zaune da kayansu a cinya suna saurare kamarka. Mai kilarinet da mai celo sukan gama nasu aikin a na bakwai, su zauna shiru har ƙarshe. Adadin takwas ɗin ma da nufi ne, domin a bayaninsa bakwai kwanakin halitta ne da hutunta, na takwas kuma shi ne wanda ya fita daga ƙidayar mako.

Ka sauke kiɗan gaba ɗaya a waya tun da rana don kada talla ta katse shi, ka sa wayar a yanayin jirgin sama, ka ware awa guda. Kada ka tsayar tsakanin babi da babi, kada kuma ka duba saura minti nawa. Idan a YouTube kake ji, ka tabbata ka kashe maɓallin nan da ke saka bidiyo na gaba da kansa, domin sautin biyolin na ƙarshe yana sirancewa ne har ya ɓace, kuma a zauren wasa makaɗin yakan bar bakansa a kan tsirkiya na wasu daƙiƙoƙi bayan an daina jin komai.